Littafin aiki: kwalaben rigakafi tsakanin cibiyoyi shida

13 ga Janairu

Yau na buɗe wannan littafi, domin in ba a rubuta ba, nan da wata shida kowa zai tuna abin yadda ya yi masa daɗi.

Ga mafarin aikin. A ƙidayar ƙarshen shekara an tarar da kwalin allurar Penta, wadda ke kare yaro daga cututtuka biyar, wa'adinsa ya wuce a firijin cibiyarmu mafi nisa, ba a ko ɓare shi ba. A cikin watan nan dai, cibiyar bakin titi ta yi kwanaki tana sallamar iyaye mata saboda ba ta da Penta ko kwalba ɗaya. Tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a babur. Wannan na zubarwa, wancan na nema, kuma ba wanda ya san halin da ɗan'uwansa ke ciki, don kowa ma'ajiya yake kallo, ba ya waiwayen maƙwabcinsa.

Cibiyoyi shida ne da ma'ajiya ɗaya. An ɗora mini in nemo hanyar da kaya zai riƙa tafiya tsakaninsu kafin ya lalace. Babu sabon firiji, babu sabuwar mota. Babur ɗaya, akwatunan sanyi da muke da su, da wayar kowa.

20 ga Janairu

Na zaga duka shidan. Abu na farko da na lura: kowa na rubuta "asara" a layi ɗaya, alhali asarar iri biyu ce, kuma ba dangin juna ba ne.

Akwai asarar buɗaɗɗiyar kwalba. Allurar ƙyanda takan zo a kwalbar yara 10, ta BCG mai kariya daga tarin fuka kuwa sau da yawa ta yara 20 ce. Dukansu gari ne busasshe, sai an zuba ruwan haɗi, kuma da zarar an haɗa, awa 6 ke gare su ko ƙarshen zaman ranar, duk wanda ya riga zuwa. Haka allurar shawara. In yara uku suka zo ƙyanda, bakwai sun tafi kwandon shara, asara kashi 70 cikin 100 ke nan a wannan kwalbar. Wannan an san da ita tun daga sama. Masu tsara oda sukan ɗauka cewa rabin BCG zai salwanta, shi ya sa suke ninka adadin da biyu.

Sai asarar rufaffiyar kwalba: wa'adi ya ƙare, zafi ya taɓa ta, ƙanƙara ta daskarar da ita, ta fashe, ko ta ɓace a lissafi. Wannan ba yaron da ya amfana da ita. Laifin tsari ce zalla, kuma ita ce tawa.

Na ja layi a tsakiyar shafin kowace leja na raba su biyu. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko ƙarin aiki na kawo musu. Na ce layi ɗaya ne. Ta ce duk ƙarin aikin da aka taɓa kawo musu da layi ɗaya ya fara. Ban musa ba.

3 ga Fabrairu

Mun buɗe zauren WhatsApp. Kowace safiyar Litinin kowace cibiya ta turo abu uku a kan kowace allura: rufaffun kwalabe nawa, wa'adin da ya fi kusa, da yanayin tambarin zafi.

Tambarin nan da ma'aikata ke kira VVM ɗan murabba'i ne a cikin da'ira, manne a jikin kwalba. Duk zafin da kwalbar ta sha, murabba'in na ƙara duhu, kuma ba ya komawa baya. Ranar da ya yi daidai da da'irar ko ya fi ta duhu, kwalbar ta mutu, ko da saura shekara a wa'adinta. Tun 1996 aka fara sa shi a ɗigon shan inna, wanda ya fi sauran alluran yara na yau da kullum rashin jure zafi. Saboda haka dokarmu ta fitar da kaya hawa biyu ce: wadda wa'adinta ya fi kusa ita ke fita da fari, amma in tambarin wata ya fara duhu, ta sha gaban kowa.

Huɗu sun turo. Ɗaya ba sabis. Ta shidan, cibiyar nesa, ta turo lissafin da na san bai cika ba, don na buɗe firijin da hannuna mako biyu da suka wuce. Na kira mai kula da wurin, mace ce da ta girme ni a aiki nesa ba kusa ba.

"Malama, kamar akwai kwalaben da ba su shiga saƙon ba."

"Malam, in na faɗa maka, za ka kwashe. Ranar da nawa suka ƙare, kai za ka tsaya gaban matan nan ka ba su haƙuri?"

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta taɓa yin makonni babu kaya, tun daga nan take tara abin da ya fi ƙarfinta. Kwalin da ya lalace a ƙarshen shekara ɗan wannan tsoron ne. Na yi mata alkawari biyu: ba zan ɗauki abin da zai sa ta ƙasa da kayan wata ɗaya ba, kuma in ta kira tana nema, ita ce ta farko. Ta ce za ta gani.

17 ga Fabrairu

Jigila ta farko. Allurar ƙyanda daga cibiyar nesa zuwa ta bakin titi, saura wata biyu wa'adi. Mun yi takarda mai kwafi biyu: sunan allura, lambar rukunin da aka sarrafa ta, wa'adi, tambari, sa hannun mai bayarwa da mai karɓa. Rufaffiyar kwalba kaɗai ke tafiya.

Mun manta ruwan haɗi. Ba a haɗa allura da ruwan wani kamfani, ballantana ruwan wata allurar, don haka kayan suka kwana biyu a firiji suna jiran abokin tafiyarsu. Na ƙara layi a takardar. Ma'aikaciyar nan ta faɗi gaskiya game da layuka.

3 ga Maris

Mummunar rana.

Penta muka aika, da na'urar da ke nuna daskarewa a cikin akwatin, wadda kan canja alama in sanyi ya sauka ƙasa da rabin digiri a bayan sifili har tsawon awa ɗaya. Da aka buɗe akwatin a wancan gefen, ta canja.

Duk tunaninmu a kan zafi yake. Muna ta jaddada a ajiye allura tsakanin digiri 2 zuwa 8, amma a zuci kowa 8 ɗin yake tsoro, ba wanda ke kallon 2. Mai babur ɗinmu, dattijo ne mai kula, ya ciro robobin ƙanƙara daga injin daskarewa suna ƙauri kamar dutse, ya jera su, ya sa kwalaben a tsakiya ya rufe. A ganinsa gata ya yi musu. Roba irin wannan takan fito da sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, allurar ciwon hanta kuwa, wadda ke cikin haɗin Penta, da ƙyar take wuce sifili kafin ta daskare.

Abin takaicin, daskarewa ba ta barin shaida a ido. Tambarin zafi ba ruwansa da ita, fari tas zai nuna. Kwalbar ta narke ta koma kamar ba abin da ya same ta. Amma alluran da aka haɗa da gishirin alminiyam don ƙara musu ƙarfi, irin su Penta, da ta ciwon hanta, da ta sarƙewar haƙora, da ta ciwon huhu, da zarar sun daskare sinadarin ya dunƙule, ƙarfinsu ya ragu, kuma ba ya dawowa. A yi wa yaro, a cika kati, uwa ta tafi da murna, alhali kariyar ba ta samu yadda ya kamata ba. Wannan ta fi kwalbar da aka zubar muni, don ita ba ta shiga lissafin kowa.

Mun ware kayan gefe muka rubuta kada a taɓa. Na ɗauki kwalba ɗaya daga irin wannan rukunin a ma'ajiya, na sa ta a injin daskarewa ta kwana da gangan, don gobe mu yi gwajin girgiza.

4 ga Maris

Kwalbar shaida ta yi fiye da awa 10 a daskare. Muka bar ta ta narke, muka rubuta a jikinta, muka haɗa ta da wadda ake zargi a hannu ɗaya muka girgiza kamar daƙiƙa 15, muka ajiye su kusa da taga. Lafiyayyar allura takan daɗe da gurɓi kamar madara. Wadda ta daskare kuwa nan da nan take kwantawa, sama ya washe. Tamu ta kwanta tare da ta shaidar, kusan a lokaci ɗaya.

An zubar. Mun gudu daga gara mun faɗa gidan zago: kayan da muka ɗauko don kada wa'adi ya cinye su, mu muka kashe su a hanya. Na rubuta su a layin rufaffiyar kwalba, a ƙarƙashin sunana.

A sani, gwajin nan ba ya aiki a kan kowace allura. Allurar shan inna wadda ake tsira wa yaro, ba ta ɗigo ba, misali, daskarewa na lalata ta amma girgiza ba ta nunawa, don babu alminiyam a cikinta. Ita in an tabbatar ta daskare, ba wani gwaji.

10 ga Maris

Na zauna da mai babur. Ban so ya ji kamar titsiye ba ne, don laifin wanda bai koya masa ba ne.

"Baba, ƙanƙarar nan sai an bar ta ta huce kafin a sa."

"Ɗana, shekara nawa ana ce mini kada in bari ta narke, yau kuma in bar ta ta narke?"

Muka shimfiɗa robobin a kan tebur muka jira. Aka wuce rabin awa. Na ɗauki ɗaya na girgiza a kunnensa, ya ji ruwa na motsi, dunƙulen ƙanƙarar na yawo a ciki. Na ce wannan ƙarar ita ce izinin tafiya. Yanzu kullum sai ya girgiza kowace roba a kunne kafin ya rufe akwati, har yana gyara wa ma'aikatan cibiyoyin.

Sakamakon haka jigila ta koma buƙatar shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk abin da zai motsa ranar Laraba, a ranar Litinin ake yanke shi.

24 ga Maris

Jigila uku, ba ƙararrawa. Malama ta cibiyar nesa ta kira tana neman ɗigon shan inna, ya isa gare ta washegari. Saƙonta na wannan Litinin ya cika.

14 ga Afrilu

Wannan ita ce shigarwar da na fi jin nauyin rubutawa.

A watan jiya na fara liƙa jadawali a zaure, cibiyoyi shida a jere daga mai ƙarancin asara zuwa mai yawa. Na ɗauka gasa za ta zaburar da mutane. Ta kuwa zaburar. Wata ƙaramar cibiya da kullum take ƙasa ta yi tsalle zuwa ta ɗaya, asararta ta ƙyanda ta faɗi warwas. Har na yaba musu a gaban kowa.

Makon jiya na je ba sanarwa. Ina zaune wata mata ta shigo da yaro ɗan wata tara, lokacin allurar ƙyanda daidai. Ma'aikacin ya duba kati, ya leƙa benci, ya ce ta dawo mako mai zuwa. Na tambaye shi ko kaya ne babu. Ya ce akwai, amma ba ya fasa kwalba sai yara sun kai shida.

"Ranka ya daɗe, ai kai ka ce a rage asara."

Ni na faɗa. Ba abin da zan ce da shi. Na duba rajistarsa, yawan yaran da aka yi wa ƙyanda ya ragu tun ranar da na liƙa jadawalin. Kwalabe sun tsira, yara sun koma gida hannu rabbana. Kuma kowa a wannan aikin ya san cewa uwar da aka ce ta dawo ba lallai ta dawo ba: ga nisa, ga aikin gida, ga wani yaron a baya. Ƙyanda kuwa ba ta jira. Tana daga cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa, sai an yi wa kusan kashi 95 cikin 100 na yara kafin a toshe mata hanya. Shi ya sa koyarwar Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a buɗe kwalba ko don yaro ɗaya ne.

Na sa ya fasa kwalbar. Aka yi wa yaron, muka jira har yamma, ɗaya ya ƙaru, takwas suka tafi. Na rubuta su da hannuna a layin buɗaɗɗiyar kwalba, na sa hannu a gefe don kada wani ya tuhume shi.

A daren na goge jadawalin. Ni da na raba asara gida biyu a Janairu, ni na sake cakuɗa su a Maris don ina son lamba mai kyau da zan nuna wa na sama.

28 ga Afrilu

Taron wata. Na faɗa musu abin da ya faru, na ce kuskurena ne. Daga yau ba a auna kowa da buɗaɗɗiyar kwalba. Abu biyu kawai za mu riƙa kallo tare: rufaffun kwalaben da suka lalace, da kwanakin da cibiya ta yi babu kaya.

Duk da haka akwai rarar da za a iya samu a buɗaɗɗiyar kwalba ba tare da an kori kowa ba, kuma daga bakinsu ta fito. Cibiyoyi biyu da ke kusa da juna suna yin BCG rana ɗaya, kowacce ta fasa kwalbar yara 20 don jarirai uku ko huɗu. Sun amince su raba kwanaki su sanar da iyaye, da sharaɗin cewa duk jaririn da aka kawo a wata ranar ba za a mayar da shi ba.

Sai na biyu, wanda ya ba ni mamaki. Cibiyoyi uku na zubar da ragowar Penta kowace yamma, suna ɗauka dokar awa 6 ta shafi komai. Ba haka ba ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka sabunta a 2014, ta yarda a ci gaba da amfani da buɗaɗɗiyar kwalba har kwana 28 in allurar na cikin waɗanda aka amince da su don haka, wa'adinta bai wuce ba, an ajiye ta a sanyin da ya dace, tambarinta na da kyau, kuma ba ta daskare ba. Akwai ma alama mai sauƙi: in tambarin zafi na jikin takardar kwalba, ta kwana 28 ce; in yana kan murfi, da an buɗe ya tafi, ta awa 6 ce. Abin da ya hana su shi ne ba sa rubuta ranar buɗewa, sai washegari a rasa wadda aka buɗe jiya da ta makon jiya, a zubar duka don a huta. Na ɗaure alƙalami da zare a ƙofar kowane firiji.

19 ga Mayu

Firijin cibiyar bakin titi ya tsaya daren Juma'a. Da a bara ne, sai safiyar Litinin za a gane. Wannan karon mai gadi ya ga fitilar ta mutu ya kira, aka kwashe kayan cikin babban akwatin sanyi zuwa cibiya mafi kusa kafin azahar ɗin Asabar. Takardar jigilarmu aka yi amfani da ita. Na'urar da ke adana zafin kwana 30 ta nuna ba a kai ga ƙararrawa ba, wadda sai an yi awa 10 a jere sama da digiri 8 take tashi. Tambura duk lafiya.

Sa'a ce ta fi yawa a ciki, gaskiya. Yanzu a jikin kowane firiji an liƙa inda kayansa za su je in ya mutu, da wanda za a kira. Duba ma'auni safe da yamma kuma ya haɗa da Asabar da Lahadi, abin da yake a rubuce tun da can amma ba a yi. A takardar wata cibiya na ga digiri 5 safe da yamma har kwana talatin ba canji. Firijin da ake buɗewa kullum ba ya haka. Na yi shiru a gaban mutane, muka yi maganar daga baya.

9 ga Yuni

Na baje takardun jigila na wata huɗu a tebur, sai ga abu ya fito fili. Kusan kullum hanya ɗaya kaya ke bi: daga cibiyoyi biyu na nesa zuwa biyu na bakin hanya. Wato ba hatsari ba ne, rabon ne ya karkace tun daga ma'ajiya. Ana raba kaya bisa ƙiyasin yawan yaran da ke yankin kowace cibiya, amma iyaye ba sa bin taswira. Suna zuwa inda abin hawa ke kai su. Mun yi wata huɗu muna kwashe ruwa daga ɗaki, ba mu hau mun duba rufi ba.

Na kai wa mai kula da ma'ajiya. Ya ce lissafin daga sama yake zuwa, ba shi da ikon taɓa jimillar. Na ce jimillar ta zauna yadda take, rabon cikin gida kawai nake roƙo. Muka zauna da rajistar wata shida muka fitar wa kowace cibiya abin da take ci a wata, muka ɗora kashi 25 cikin 100 a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. Wannan shi ne rufinta. In kayanta suka sauko zuwa ajiyar, ta kira. Ya yarda a gwada wata uku, da sharaɗin in sa hannu tare da shi.

Akwai tarko a nan da nake tsoro. In aka bi abin da cibiya ta ci kawai, wadda ba ta fita neman yara za ta ci kaɗan, a ba ta kaɗan, ta ƙara cin kaɗan. Ƙarancin cin cibiyoyin nesa ƙila rabinsa yaran da suka tafi wani wuri ne, rabi kuma yaran da ba su je ko'ina ba. Don haka kayan fita zagaye an ware su daban, ba sa cikin wannan lissafin.

30 ga Yuni

Rabon farko bisa sabon lissafi ya fita makon jiya. A watan nan jigila ɗaya kaɗai aka yi, kuma Baba ya fara tambayar ko an sallame shi ne. Tun daga ranar gwajin girgiza ba a sake rubuta kwalbar da ta daskare a hanya ba. A layin wa'adi akwai 'yan kwalaben allurar shawara da suka iso mana da guntun wa'adi tun daga sama, ba mu iya cinye su ba. Layin buɗaɗɗiyar kwalba na ƙyanda ya hau a ƙaramar cibiyar nan, yawan yaranta ma ya hau, kuma sai da na rubuta bayanin shafi guda kafin na sama su daina tambaya.

Cibiyar da ba ta da sabis har yanzu saƙonta a aljihun Baba yake zuwa, a makare da kwana biyu. Firijin bakin titi an gyara, amma kwandonsa na sama ya karye, ana ajiye Penta a ƙasa kusa da bango inda sanyi ya fi tsanani, kuma wannan ba zai yiwu ba. Na nemi kwando.

Laraba zan bi Malama zagaye, in ga da idona ko yaran da lissafi ya ce suna yankinta suna nan. Ta ce in zo da takalmin da ba na so.